Daminar da Aka Zo Neman Abdulƙadir

Tun farkon makon nan ake ruwa a Kaduna, irin markar nan da ba ta sauka da ƙarfi, kuma ba ta ɗaukewa. Aiki ya tsaya, don ba mai kwaɓa siminti a cikin wannan. Ina zaune a ƙofar ɗaki da gwiwoyina da suka fara yi mini tsiya, ina kallon ruwa yana zuba daga indararo cikin bokiti. 'Yata Hafsat tana jami'a a nan cikin gari. Jarabawa ta matso musu, ita da ƙawayenta sun shirya su haɗu su yi karatu tare. Tun safe waya na manne a kunnenta.

"Kina ina? To ni ban fito ba. A'a, ba can ba, Maryam ta ce an kulle ajin. Ku yi sauri ku faɗa, cajina zai mutu."

Ba mu da wuta tun shekaranjiya. Tata wayar ta mutu, ta ari tawa, sai ga shi ba ta haddace lambar kowa ba. Har aka kira Azahar ba su tsayar da wuri ba. Na ce mata, "Ku da wayoyi a hannu kun kasa ganin juna?"

Ta ce, "Baba, ba za ka gane ba. Wata sai an ba ta izini a gida, wata daga nesa take, wurin da ruwa ba ya shiga kuma babu kujera."

Gaskiya ne ban yi boko ba, a aji huɗu na firamare na tsaya. Amma wannan abu guda na san shi, don a gidanmu ya taɓa faruwa.

Wajen shekara talatin ke nan. Muna zaune a Unguwar Dosa, ɗaki biyu na ƙasa a gidan haya. Babanmu masinja ne a wata ma'aikata, ya rasu ya bar mu mu uku: Inna, da ni, da ƙanena. Ni ina bin wani birkila ina lebura. Ƙanena kuwa Allah ya ba shi kai, har ya samu shiga jami'a a Zariya. Sunansa na yanka Abdulƙadir, sunan mahaifin Inna ne. To Inna ba za ta buɗe baki ta kira sunan ubanta ba, shi ya sa tun yana zanen goyo ake ce masa Baffa. Duk unguwa Baffa suka sani. Ni kaina sai in shekara ban ji an ce Abdulƙadir ba. Sunan yana fitowa ne a asibiti, ko a makaranta, ko ranar da aka zo daga ofishin babanmu kan takardun mutuwarsa. A jami'a kuma abokansa Abdul suke ce masa.

Abin da yake karantawa wai ilimin duwatsu da ƙasa ne. Na sha tambayarsa me ake ci da wannan, yana yi mini bayani, ina gyaɗa kai ban gane ba.

A shekarar da nake magana, yana ajin kusa da ƙarshe. Ana gab da jarabawa malamansu suka tafi yajin aiki, aka rufe makaranta, aka ce kowa ya tafi gida. Ya dawo da jakarsa ana tsakiyar zafi, muna cewa mako biyu ne. Zafi ya wuce, ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, masara ta kai gwiwa, yana gida.

Ɗalibai ba kamar mu ba ne. Mu in ana neman lebura an san inda ake samunsa, bakin titi da sassafe, da shebur a kafaɗa. Su kuwa da aka rufe makaranta sai suka watse kamar an zubar da gero, ba waya, ba komai, kowa ya shige gidan ubansa. 'Yan ajinsu da ke wannan gefen na Kaduna sai suka yi wa kansu tsari. Akwai wani Nasiru, dogo mai tabarau, babansa babban ma'aikacin gwamnati ne a Malali. Gidansu akwai garejin mota da babu mota a ciki da rana, akwai wayar tarho, ana kawo jarida kullum. Suka sa duk Asabar bayan Azahar a haɗu a garejin. Littafi ɗaya ne suke da shi na wani darasi, sai a karanta a juya. Uwar Nasiru, Hajiya, takan aiko musu da shinkafa da wake. Baffa bai taɓa faɗa ba, amma na san wannan shinkafar tana cikin abin da ke kai shi.

Suka kuma yi alkawari, ranar da labarin komawa ya fito, kowa da wanda zai je ya taso. Wane ya taso wane, wane ya taso wane, har a cika. Nasiru ne zai taso Baffa. Sai dai Nasiru bakin lungunmu kawai ya sani. In ya rako shi, a wajen mai gasa masara Baffa yake tsayar da shi ya ce, "To na gode, sai Asabar." Na taɓa yi masa magana. Na ce, "Kai kana cin abincin gidansu, shi ko ruwan randarmu bai taɓa sha ba?" Ya ce, "Yaya, in ya shigo a ina zai zauna?" Na duba ɗakin, na ƙyale shi.

Daminar ta zo da nauyi. Ruwa ba ya jin kira, abinci kuma ya yi tsada irin ta watan da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai shigo ba. Kananzir ya ɓace. Itace duk a jiƙe, Inna takan durƙusa tana hura wuta har idonta ya yi ja, hayaƙi ya cika ɗaki, tukunya ba ta tafasa ba. Da safe koko ne tsararo, ba ƙosai. Da rana in an samu, kwaɗon rama ko tafasa da ɗan ƙuli. Tuwon dare ya koma na masara mai tsami da miyar kuka da ba ta ga mai ba. Kaya ba sa bushewa. Tabarma tana wari, bargo yana wari, mu ma muna wari. Ƙafafuna suka yi fari suka tsattsage a tsakanin yatsu saboda tsayuwa cikin laka da siminti.

Baffa ya gaji da zama yana ganin ina fita ni kaɗai, ya ce in kai shi wajen maigidana. Aka ba shi kwanon sarki yana ɗaukar tsakuwa. Leburori suka samu abin yi. "Ɗan jami'a, ga duwatsun nan, karanta mana su!" Shi ma ba ya barin ta kwana, sai ya ɗaga ɗaya ya duba ya ce, "Wannan ya ce kai ne ka fi kowa lalaci a wajen nan." A yi dariya a ci gaba. Amma Asabar ba ya aiki. Sai ya wanke rigarsa ɗaya mai kyau tun Alhamis don ta samu ta bushe, ya nufi Malali a ƙafa da takardunsa cikin leda.

Wata rana da la'asar, bayan an kwana ana ruwa an wuni ana yi, bangon ɗakin Inna ya zauna. Ba ƙara mai yawa, kamar an sauke buhu. Allah ya sa tana waje tana tarar ruwa. Maƙwabta suka fito cikin ruwan, maza da fartanya da shebur, mata suna karɓar abin da aka zaro. Muka ciro tukwane, da akwatinta, da katifa da ta sha laka. Rediyon babanmu ya fito a murƙushe. Ɗakinmu ma ya tsage daga sama har ƙasa, mai gidan hayar ya zo ya duba ya ce shi ba shi da halin gyara sai rani.

Wani malamin allo a Hayin Banki, Malam Idi, abokin babanmu ne tun suna samari. Da ya ji, ya aiko cewa akwai ɗaki a cikin gidansa Inna ta zauna kusa da matarsa Goggo Ladi, mu kuma mu riƙa kwana a zaure. Muka ɗora kayan a kura, ni ina ja Baffa yana turawa, Inna na biye da tukunya a ka. A Hayin Banki ba wanda ya san mu. Abin da mutane suka gani shi ne wata bazawara da 'ya'yanta leburori biyu, suna fita da safe suna dawowa fari fat da siminti. Malam kansa Baffa yake ce masa, kamar yadda ya ji muna faɗa.

Asabar ta farko bayan mun koma ya je Malali, tafiyar ta yi nisa yanzu, ya dawo a jiƙe. Na tambaye shi ko ya kwatanta wa Nasiru gidan. Ya ce, "Na ce masa Hayin Banki, gidan wani malami." Na ce, "Malamai nawa ne a Hayin Banki?" Ya ce in ya koma zai kwatanta masa sosai. Bai koma ba. Maigidanmu ya samu aikin zuba kankare a wani bene, kuma Asabar ake zubawa, ranar ce ake sallamar mutane da ɗan abin kirki. Muna bukatar katifa, muna bukatar hatsi. Baffa ya ce wannan makon kawai. Sai na gaba ma ya zama wannan makon kawai.

An sha cewa an janye yajin aiki, sai a wayi gari ƙarya ne. Har mutane suka daina ɗaga kai in an faɗa. Da muka sake ji a bakin wani direban tifa, Baffa ya ce, "Ko gaskiya ne sai an ba da lokaci. Kuma Nasiru zai zo." A lokacin kuma ana ta raɗe-raɗin cewa ana bi gida gida ana kama ɗaliban da suka yi zanga-zanga kafin a rufe makarantu. Ban san ko gaskiya ba ne. Amma matan gidan Malam sun ji, kuma abin da mata suka ji a tsakar gida ya zauna ke nan.

Ranar wata Juma'a ruwa ya hana aiki. Muna zaune a ƙofar ɗakin Inna muna cin dafaffiyar masara, sabuwa ta fara shigowa. Baffa ya ce, "Shirun nan ya yi yawa. Gobe ko ana zuba zinariya sai na leƙa Malali."

Inna ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Ba inda za ka."

"Me ya faru, Inna?"

Ta rage murya. "Nemanka ake yi. Ban so in gaya maka ba don kada hankalinka ya tashi. Sun zo nan."

"Su wa?"

"Ina na san su? Da mota suka zo, wancan makon, kuna wajen aiki. Suka yi sallama da Malam a zaure. Ina ji da kunnena suka kama sunan Baba tiryan-tiryan, irin na takarda. Malam ya ce shi ba shi da mai wannan suna, amma bari a tambayi baƙinsa. Ya leƙo ya tambayi Goggo Ladi, ni kuwa na riƙe mata hannu na ce ta ce babu." Ta gyara ɗankwali. "Wa ke kiranka da wannan suna in ba hukuma ba? Da na yi sake da yanzu kana hannunsu."

Yadda ta faɗa, da ɗan alfahari a ciki. Ta kwana da abin nan a ranta ita kaɗai tana ganin ta tare wa ɗanta masifa.

Baffa ya juya wajen Goggo Ladi, matar Malam, tana tankaɗe a gefe. Ya ce, "Goggo, kin ga mutanen?"

Ta ce, "Na leƙa ta kafar ƙyaure. Samari ne su biyu. Ɗaya dogo haka, da gilashi a ido."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube irin haka ba. Ya miƙe, masarar ta faɗi cikin ruwa. Ko riga mai kyau bai tsaya sawa ba. Na bi shi. Daga Hayin Banki har Malali ruwa na dukanmu, motoci na watsa mana na kwata, shi yana gaba yana rabin gudu, ni ina jin silifas ɗina yana maƙalewa a laka.

Garejin a rufe yake. Hajiya ta fito baranda da kanta, ta dube shi ta yi salati.

"Abdul! Kai ne? Ina ka shige, ɗan nan? Sun tafi tun wancan makon. Da aka buɗe aka ce ba wani jira, jarabawa kai tsaye. Nasiru bai bar inda bai je ba. Ya je Unguwar Dosa ya tarar da kango, can ma Hayin Banki kawai aka ce masa. Ya ɗauki motar babansa, da man da ake wahalar samu, suka wuni suna bin gidajen malamai ɗaya bayan ɗaya. Har ranar tafiya sai da ya sa aka jinkirta mota ko za ka ɓullo."

Ta dube ni. "Wannan fa?"

Ya ce, "Yayana ne."

Ta ce, "Ashe kana da wa?"

Ta sa aka kawo mana shayi da burodi. Muna tsaye a barandar ruwa na zuba daga jikinmu kan simintinta mai sheƙi. Ni na sha nawa, yunwa nake ji. Shi bai taɓa nasa ba.

Washegari da asuba ya tafi Zariya. Maigidana ne ya taimaka da na mota. Bai daɗe ba ya dawo. An riga an rubuta mafi yawan darussan, ya samu na ƙarshe kawai. Ya bi ofisoshi, an saurare shi, wani malaminsu ma ya tausaya masa, amma ƙa'ida ita ce sai ya maimaita shekarar. Ga wanda yake da uba, shekara ɗaya ba komai ba ce. Mu kuwa muna kwana a zauren mutane.

Da aka gama jarabawa Nasiru ya zo, wannan karon Baffa ne ya je ya taho da shi har ƙofa. Ya tsaya yana kallon zauren Malam ya ce, "Wallahi nan na zo. A nan na tsaya, ga inda na ajiye takalmina." Malam Idi ya fito ya gane shi, ya riƙa tafa hannu yana cewa, "Da ka ce Baffa, yaro! Da ka ce Baffa!"

Nasiru ya ce, "Wane ne Baffa?"

Shekara uku suna aji ɗaya, suna cin abinci a kwano ɗaya. Ban ga laifin yaron ba, ya yi abin da ko ɗan'uwa sai haka. Abin da aka ba shi da shi ya zo nema. Ya shiga ya gaida Inna, ta amsa daga bayan labule da murya kamar ta marar lafiya. A kan buhun da muke shimfiɗawa ya zauna, bai nuna komai ba. Ashe da wurin zaman.

Inna ba ta sake zama daidai ba. Ba wanda ya ce mata ke ce, Baffa ma ya hana ni ko da wasa. Amma ba yarinya ba ce. Ta rage cin abinci, tari ya kama ta daga sanyin ɗakin nan, ya ƙi sakinta. Wata rana ina gyara mata ƙofa na ji ta tambaye shi.

"Baffa, da na ce kana nan, da ka samu?"

Ya ce, "A'a, Inna. Lokacin da suka zo an riga an fara. Ba abin da zai canza."

Ta ce, "To." Ta juya fuska bango. Ta san ƙarya yake yi, shi ma ya san ta sani.

Ya ce baɗi zai koma. Da baɗin ta zo Inna tana kwance, magani ni kaɗai ba zan iya ba, ga hayar ɗakin da muka kama don mu fita daga zauren Malam. Ya ce wata shekarar. Nasiru ya yi ta aiko masa da saƙo, ya zo sau da dama, daga baya aka tura shi bautar ƙasa can kudu, zuwan ya yanke. Inna ta rasu a damina ta uku. Takardun Baffa suna cikin ledarsu a ƙasan akwati har gara ta same su.

Daga inda muke zuwa wajen aiki, hanyar da ta fi kusa ta gaban tashar Kawo take bi. Kullum da safe muna wucewa da shebur a kafaɗa, 'yan kamasho suna ihu, "Zariya! Zariya! Saura mutum ɗaya!" Da farko in mun zo wajen sai in ji tafiyarsa ta ragu. Ni ba na waiwayawa, sai in rage tawa har ya iso ni. Mun daɗe a haka. Ran nan da muka fito, kafin mu kai titi ya ce, "Yaya, mu bi ta bayan kasuwa."

Na ce, "Ta can ai zagaye ne."

Ya ce, "Na sani."

Yanzu shi ma birkila ne, gashinsa ya fi nawa fari. In ruwan nan ya ɗauke gobe zai biyo mini mu fita tare, kuma ta bayan kasuwa za mu bi.